Cikon Sha Shida

Sau huɗu Ɗalhatu yana zuwa sallamar Malam Sanda, sau huɗu yana dawowa da takardar a aljihu, ko ɗigon biro babu a jikinta.

Zuwa na huɗun ranar Talata ne. Ina tsaye a kicin bayan la'asar ina dama wa Nuriyya kunun gyaɗa, ita kuma ta riƙe min zane tana kukan haƙori, sai na ji an buɗe ƙofar falo a hankali, irin buɗewar wanda ba ya so a san ya shigo. Gidanmu na unguwar Al Qusais a Dubai ɗaki biyu ne da falo, ko ƙuda ya shigo sai na ji.

"Ya sa hannu?" na ce daga kicin.

"Haba Yaya, ki bari in cire takalmi mana."

"Cire. Ya sa hannu?"

Ya leƙo, ya sunkuci Nuriyya ya ɗora a kafaɗa don ya sami inda zai kai idonsa. "Mun gaisa."

"Kun gaisa."

"Ya tambayi Umma, ya tambayi ƙafarta. Ya ce a gaishe ki da aiki."

"Ina amsawa. Sai kuma me?"

"Sai aka kawo shayi."

"Sai kuma me?"

"Sai aka kira salla."

Na ajiye ludayin kafin in yi abin da zan yi nadama da shi.

Ɗalhatu ƙanina ne, autan Ummanmu, shekararsa ashirin. Ni na yi goyonsa tun ina 'yar shekara takwas. Yana aji biyu a Kwalejin Marsa da ke Bur Dubai, yana karanta lantarki, kuma ƙafarsa ce ta kai shi can, ba aljihunmu ba. Malam Sanda, kocin ƙwallon kwalejin, shi ya gan shi yana wasan unguwa a wani fili a Gwammaja lokacin da ya je hutu Kano. Ya bi shi har gida, ya zauna a tabarma gaban Umma ya ce a ba shi yaron. Kwalejin ta ɗauke masa nauyin karatu, ita ta yi masa biza. A ƙasar nan kuwa biza ce igiyar da baƙo ke rataye a jikinta. Ranar da mai riƙe da ita ya saki, sai filin jirgi.

Lokacin da aure ya kawo ni Dubai, shekara huɗu ke nan, na tarar da ƙarshen zamanin Marsa. A gasar ƙwallon kwalejojin gari, su ne masu koriyar riga, kuma sau bakwai suna ɗaga kofi. Ranar wasansu 'yan kasuwarmu na Al Buteen sukan bar yaran shago su tsallaka ruwa kallo, saboda kocin ɗan gida ne. An ce ko ranar wasa za a sa, ko alƙali za a zaɓa, sai an ji ta bakin Malam Sanda. Sai ga Kwalejin Sadaf, masu jar riga, waɗanda a da ake zura musu biyar-biyar ana dariya. Wasu masu hali suka saye ta, suka gina mata fili a bayan gari mai ciyawa kamar darduma. Suka fara da ɗauke likitan Marsa, sai mataimakin koci, sai wasu tagwaye 'yan Sudan da ke tsaron baya, sai gola. Ƙananan kwalejojin da ke bin bayan Marsa a taro suka juya ɗaya bayan ɗaya, har taron kansa ya koma ofishin Sadaf. Bara Marsa ta ƙare ta bakwai cikin takwas. Hukumar kwalejin ta mayar da filin wasan wajen ajiye motoci.

Ni duk wannan bai hana ni barci ba. Ƙwallo ba ta gabana. Abin da ya tayar min da hankali wasiƙa ce da ta zo farkon watan nan: Marsa ta ce daga watan Yuni ta daina ɗaukar nauyin karatun 'yan wasa. Ga yaro saura shekara biyu ya gama. Ana cikin haka Sadaf suka aiko suna son sa, za su riƙe shi har ya kammala, biza da komai. Sharaɗi ɗaya ne: ya kawo takardar saki da sa hannun kocinsa kafin a rufe canjin 'yan wasa, ranar Alhamis ƙarfe sha biyun rana.

Sauran yaran da suka tafi ba su sha wata wahala ba. Wani ɗan Masar ta waya ya tura tasa. Wani ɗan Kerala ta Indiya ya ajiye wa sakatariya ya ce in an sa hannu a kira shi. Amma Ɗalhatu ɗan Kano ne. Mutumin da ya zauna a tabarmar uwarka ba a tura masa takarda ta waya. Zuwa ake yi, a durƙusa, a gaisa, a nemi izini. Wannan ni ma na yarda da shi, ni na ma saya masa dabinon da ya kai a zuwan farko. Abin da ban lissafa da shi ba, yaro ba ya katse babba ya kawo buƙata, sai an ce masa "Lafiya dai?" Malam Sanda kuwa sau huɗu bai ce ba.

"Jibi ne fa, Ɗalhatu," na ce. "Jibi. Ko so kake in kira Umma in ce ta share maka ɗakin zaure?"

Ya sauke Nuriyya ya zauna a bakin kujera. "Yaya, kin san mu nawa muka rage?"

"Ina ruwana da ku nawa."

"Sha shida. Dokar gasa ta ce duk ƙungiyar da ba ta cika sha shida ba, an cire ta daga jadawali. Ni ne cikon. In na fita, babu Marsa. In babu ƙungiya, me za su yi da koci?" Ya murza fuskarsa. "Shekara sha takwas yana wajen nan. Da bakina zan je in ce masa ya tattara?"

Wannan bai taɓa faɗa min ba. Na tsaya da kofin kunu a hannu har ya fara hucewa.

"To in ka zauna fa?" na ce. "Yuni ba za ta zo ba?"

"Za ta zo. Amma dai ba ni na kashe shi ba."

"Kai kuma wa zai raya ka?"

Na ba Nuriyya kunu, na kira Babanta Sadiq a waya. Yana Kano wajen sauke kwantenar kamfaninsu, sai Asabar zai dawo.

"Ki yi haƙuri ki bari in dawo," ya ce. "Wannan maganar maza ce, Mahfuza. Da kunya ki tsaya gaban dattijon nan."

"Alhamis ake rufewa."

"To ki je wajen Alhaji Bashar. Tare suka zo ƙasar da Malam Sanda, shi zai iya gaya masa abin da ni ma ba zan iya ba. A sa babba a gaba, shi ne tsari."

Na kira abokiyar aikina 'yar Filifin a asibitin da nake aikin jinya, muka yi musayar aikin Laraba da na Lahadi. Washegari bayan azahar na zuba dambun naman da Umma ta aiko a roba, na karɓi takardar daga hannun Ɗalhatu na sa a jakata, na ce ya sa takalmi. Keken Nuriyya na bar shi a gida, don lungunan Al Buteen ba su san keke ba. Na goya ta da majanyi na yafa hijabi. A cikin jirgin ƙasan metro wata Baturiya ta yi ta kallon ƙafafun da suka leƙo ta gefen ƙuguna, har ta kasa daurewa ta tambaya ko yarinyar na numfashi.

Shagon Alhaji Bashar na kago ne, wato aika kayan 'yan kasuwa gida, ƙofar duk katan-katan da aka naɗe da koren leda an rubuta sunayen masu su: Kwari, Sabon Gari, Maraɗi. Yana zaune bayan tebur da carbi, mutum mai jiki da fara'a. A saman kansa, inda na saba ganin hoton 'yan Marsa riƙe da kofi, yanzu jar riga ce a cikin gilashi, da sunan shagonsa a ƙirjinta.

"A'a! Maman Nuriyya da kanta? Yau kuma da ɗan wasanmu?" Ya nuna Ɗalhatu da carbi. "Habibi, yaushe za ka cire wannan ganyen ka sa rigar mutane?"

Wani Bazazzagi da ke ɗaure kaya a gefe ya ɗago. "Alhaji, ba kai ne ka yi rantsuwa da koriyar riga za a binne ka ba?"

"Da farin likkafani za a binne ni, ɗan nema. Ɗaure kayanka."

Muka gaisa, aka kawo karak, shayin nan nasu mai kauri da madara. Ni ban jira a ce min lafiya ba. Na faɗa masa abin da ya kawo mu. Fara'ar ta ragu a fuskarsa kaɗan-kaɗan, ya ajiye carbin.

"'Yata, da ni da Sanda ɗaki ɗaya muka kwana a Deira shekara uku, lokacin ko fanka mai kyau ba mu da ita. Kullum bayan la'asar nan yake zama, ga kujerarsa can. Tun ranar da aka rataye rigar nan bai sake takowa ba."

"Shi ya sa na ce kai ne za ka iya, Alhaji."

"Shi ya sa ba zan iya ba. Kasuwa ce ta kai ni Sadaf, wallahi ba ƙiyayya ba. Inda jama'a suke kallo, nan ake kai suna. Amma in na shiga gaba na je karɓar masa yaro na ƙarshe, me garin nan zai ce? Bashar ya ci amana ya dawo ya suɗe kwano." Ya girgiza kai. "Khalas, magana ta ƙare. Ki nemi wani."

"Wa?"

Ya shiga lissafi, ni ma ina yi. Duk dattijon da za a ambata a Al Buteen, ko ɗansa na Sadaf, ko ya koma kallon Sadaf.

"To Allah ya saka da alheri," na ce, na miƙe na gyara goyo.

A bakin ruwa Ɗalhatu ya ja ya tsaya. "Yaya, mu koma gida."

"Hau."

"Kin ji dai abin da Yaya Sadiq ya ce. Mace ba ta..."

"Umma da ta raka mu filin jirgi ranar da na taho da kai, hannun wa ta kama ta ce ga amana? Na Yaya Sadiq? Hau, mutane na jira."

Muka hau abra, ɗan jirgin katakon da ke tsallakar da mutane zuwa Bur Dubai. Iskar Janairu na kaɗawa da ɗan sanyi, na ja hijabi na rufe wa Nuriyya kunne. Tsallakawar ba ta fi minti biyar ba, a cikinta na shirya maganata tsaf: zan gaisa sau ɗaya, in ajiye dambu, in fito da takarda.

Tun da aka karɓe filinsu, 'yan Marsa a filin wata makarantar firamare suke atisaye, bayan kasuwar yadi. Mun tarar da Malam Sanda shi kaɗai a tsakiyar fili yana jera robobin alama, yana sunkuyawa da hannu ɗaya a gwiwa. Mutum ne dogo siriri, gemunsa ya yi fari, usur rataye a wuya. An ce da mataimaka uku ke yi masa wannan aikin. Yaran suna gefe suna ɗaure takalma. Ban yi niyya ba, amma idona ya ƙirga su. Sha biyar.

Da ya hango mu ya miƙe tsaye ya daɗe yana kallo. Sannan ya taho.

"Ikon Allah. Maman Nuriyya? Yau manyan baƙi gare mu. Bisimilla, bisimilla."

Ya kaɗe wani benci da hularsa. Na durƙusa na gaishe shi, Ɗalhatu ya tsuguna can gefe kamar wanda aka kama da kayan sata.

"Ina wuni, Baba."

"Lafiya lau, 'yata. Ina gajiya? Ya aiki? Ya maigidan, ya sauka lafiya? Ya wajen su Hajiya, ƙafar da sauƙi?"

Na amsa ɗaya bayan ɗaya. Na miƙa dambun, ya buɗe ya shaƙa ya lumshe ido, ya ce wannan hannun Gwammaja ne, ko a mafarki ya san shi. Ya ce in sauke yarinyar ta sha iska. Nuriyya da ba ta yarda da kowa ta kama usur ɗinsa, ya cire ya rataya mata. Ya zuba min shayi daga fulas. Ya ba ni labarin yadda aka yi ruwa bara har filin nan ya zama tafki. Ya tambayi ko har yanzu ana sayar da gurasa a bakin titinmu na gida.

Sai na tsinci kaina ina cewa, "Ana sayarwa, Baba," ina murmushi, shayi a hannu, jaka a rufe. Na gane abin da ya sami Ɗalhatu. Mutumin bai hana ka magana ba. Shimfiɗa yake yi maka, mai laushi, har ka ji kunyar taka ta da takalmi. Rana ta fara sauka bayan gine-gine. Na san saura kaɗan ya duba agogo ya ce bari ya ga yara, a gaida gida.

Ya kuwa duba agogon.

"Baba," na ce. Muryata ta fito da ƙarfi fiye da yadda na so. "Gobe ƙarfe sha biyu ake rufewa."

Har yaran da ke can nesa suka daina buga ƙwallo. Ɗalhatu ya sunkuyar da kai har goshinsa na neman taɓa gwiwa.

"Ka yafe min," na ce, "na san ba haka ake yi ba. Na nemi babban da zai shige mana gaba ban samu ba. Na san kuma abin da tafiyarsa za ta jawo maka, jiya ya gaya min. Amma yaron nan saura shekara biyu ya riƙe takardar da zai ci abinci da ita. In Yuni ta same shi a nan, gida zai koma hannu rabbana. Ni aka ba wa shi. Ba zan iya kallo ba."

Malam Sanda bai dube ni ba. Nuriyya yake kallo tana ƙoƙarin cusa usur a baki.

"Ke za ki buga wa Sadaf?" ya ce.

"A'a, Baba."

"To mai bugawa ya yi magana." Ya juya. "Ɗalhatu. Matso."

Ya matso a tsugune.

"Ɗago kanka. A fili in ka karɓi ƙwallo ƙasa kake kallo? Me na koya maka?"

"A ɗaga kai, Koci."

"To ɗaga. Lafiya dai?"

Sai da na ji kamar in yi kuka don jin kalmar nan. Ɗalhatu ya buɗe baki ya rufe. Na matse hannuna a cinya don kada in amsa masa.

"Koci... izini nake nema. Zan koma Sadaf. In ka yarda. Ka yafe min."

"Ka faɗa da bakinka?"

"Na faɗa."

Na kai hannu zan buɗe jaka, ya ɗaga min hannu. Ya zura yatsu a aljihun gaban rigarsa ya zaro wata takarda da aka ninke huɗu, gefenta duk ya yi laushi don zama a aljihu. Ya miƙa wa Ɗalhatu, amma ni na riga shi karɓa. Takardar saki ce irin tamu sak. Aikin jinya ya koya min ba a gode wa takarda sai an karanta ta, don haka na bi ta layi-layi: suna daidai, lambar ɗalibi daidai, sa hannu, hatimin kwaleji. Kwanan watan kuwa na mako uku da suka wuce ne.

"Duba da kyau, malamar asibiti," ya ce, har da ɗan murmushi. "Ko allura ce ba za a yi mata wannan binciken ba."

"Baba, tun ranar bakwai ga wata?"

"Ranar da Sadaf suka aiko, a ranar na sa hannu. Sau huɗu yana zuwa, sau huɗu tana nan." Ya dafa ƙirjinsa. "In na miƙa masa bai tambaya ba, na kore shi ke nan. Na zauna gaban mahaifiyarku na ce a ba ni shi. Da wane baki zan ce masa tashi ka tafi?"

Raina ya ɗan ɓaci, ban iya ɓoyewa ba. "To da ban zo ba fa? Shi yana kunya, kai kana kunya, sai sha biyu ta buga?"

Na zaci zai ce da ya aiko da ita da safe.

"Ban sani ba, 'yata. Wallahi ban sani ba. Kullum in na ga ya taho sai in ce yau zan tambaye shi abin da ya kawo shi. Sai in waiga in ƙirga su." Ya nuna yaran da haɓa. "Sai in ce a kawo shayi. Ba duka kunya ba ce. Kada ki ba ni ladan da ban yi aikinsa ba."

Ɓacin ran ya zube. Na rasa inda zan sa idona.

"Kin san wa ya kawo dokar sha shidan nan?" ya ce. "Ni. Shekara tara ke nan. Na miƙe a taro na ce gasa ba wajen wasan yara ba ce, duk wanda bai cika sha shida ba ya je ya yi girma tukuna. Kowa ya ɗaga hannu, don a lokacin in na yi tari sai a rubuta. Wata ƙaramar kwaleji ta zo da yara sha uku a motar haya, kocinsu ya biyo ni har bakin mota yana roƙo, shwaiya shwaiya, a bi mu a hankali ya Sanda, a ba mu shekara ɗaya. Na ce doka doka ce." Ya yi 'yar dariya. "Sadaf ke nan. Yanzu shi ke zama a kujerar da nake zama. Ba zan je in roƙe shi abin da na hana shi ba."

"To kai fa, Baba? Ina za ka?"

"Makarantar nan suna neman mai koya wa yara motsa jiki. In ba su ɗauke ni ba, Kano ba ta ƙaura ba." Ya karɓi usur daga hannun Nuriyya ya goge shi da gefen riga. "Waɗancan sha biyar ɗin su ne abin ji. Shida na sama musu wuri, ina kan sauran. Naki ne kawai ya tsaya min a wuya, don shi kaɗai ne ya zo ya durƙusa."

Ɗalhatu na share ido da bayan hannu. Malam Sanda ya daka masa tsawa.

"Kai, tashi! Wa ya mutu? Har gobe sha biyun rana kai nawa ne. Sa takalminka. Kuma in ka je can, ka riƙa sakin ƙwallo da wuri, ba za su yi maka haƙurin da na yi ba." Ya busa usur, ya ɗaga murya. "Yalla ya shabab, ku taso samari! Takwas-takwas!"

Suka rabu gida biyu, rabi suka juya rigunansu. Ɗalhatu ya waigo ya miƙo hannu in ba shi takardar ya sa a jakarsa.

"Je ka yi wasanka," na ce. Na sa ta a aljihun ciki na jakata, na ja zif, na ɗora Nuriyya a kai.

Ban taɓa zama na kalli ƙwallo daga farko har ƙarshe ba sai ranar. Ban fahimci rabin abin da ake yi ba. Na dai ga dattijon yana bin gefen fili yana ɗingishi, yana kiran kowane yaro da sunansa, yana zagin wannan da Larabci, wancan da Hausa, kamar gobe akwai kofi. Sau biyu na ga leɓɓansa na motsi yana nuna su da yatsa ɗaya-ɗaya. Da aka kira magariba ya busa usur sau uku, ya fara tsince robobin. Ɗalhatu ya ruga ya karɓe su daga hannunsa, wannan karon bai hana shi ba.

Ranar Alhamis ƙarfe takwas da rabi muna ƙofar ofishin wasanni na Sadaf, tun ba a buɗe ba. Matar da ke karɓar takardu ta duba, ta buga hatimi, ta ce mabruk, wato barka. Na ce ta ba ni kwafi biyu. Ta miƙo wa Ɗalhatu jar riga a cikin leda, ya karɓa ya riƙe a hannu bai buɗe ba.

A metro muna komawa wayarsa ta yi ƙara. Ya duba ya miƙo min. Sabon jadawalin gasa ne, ƙungiyoyi bakwai. Na karanta har ƙasa na mayar masa.

"Yaya," ya ce, "ranar Juma'a zan je in gaishe shi."

"Ka je. Akwai sauran dambu, ka tafi masa da shi." Na gyara wa Nuriyya hula. "Ka kuma tsaya ka sha shayin har ƙarshe."